Kaskar da Iklima ta aiko

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Na koma shantiye, wurin gininmu. Abdulnasir, shef ɗinmu mai kula da aikin, ya ja ni gefe. Ya ce faɗuwar da na yi ran Alhamis Allah ne ya sa a ƙasa nake, da a kan eshafodaj ne, katakon da muke hawa mu yi gini, da yanzu ana zaman makoki. In ta sake faruwa, halas, ba ni ba aikinsa. Shekara ashirin da shida ina gini, yau ciwon suga ke neman sauke ni. Na gaji.

Talata, 8 ga Oktoba

Saƙon Iklima ya iso daga Damagaram ta hannun wani direba. Tunda ta zama anfirmiye a asibiti ta mai da ni majinyacinta, ta manta ni na haife ta. Kwali biyu, kowanne da ɗan farin abu kamar murfin kwalba. Wai a manna a damtse, shi zai riƙa gaya wa salula, wato wayar hannu, yawan sugan jikina har kwana goma sha huɗu, ba sai na huda yatsa ba. Mahamane abokin ɗakina ya juya shi ya ce, "Wannan ai kaska ce." Sunan ya bi ta.

Laraba, 9 ga Oktoba

Yau na san na tsufa. Aplikasiyon, manhajar kaskar a salula, ta nemi imel, ba ni da shi. Ta nemi lambar sirri, na sa, ta ce ta yi gajarta. Iklima tana ta waya: "Baba, ku danna shuɗin, ba jan ba." Duk allon shuɗi ne! Da aka gama wannan, Mahamane ya goge min bayan damtse ya danna abin, ƙas. Na rufe ido ina jiran zafi, ashe har an gama. Sai kuma a kara salula a kai. Na kara gaba, na kara baya, sau tara kafin ta yi ƙara. Ta ce in jira awa ɗaya. Na jira. Ta nuna sugana 187.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na yi wauta. Zan yi wankan Juma'a, na ce ruwa bai taɓa fatar da ke ƙarƙashin kaskar ba, wanka bai cika ba. Na ɓamɓare ta a hankali na ajiye a kan taga, da niyyar in na fito in mayar. Ta ƙi manne. Na ɗaure ta da tsumma, salula ta ce ba ta san ta ba.

Na kira Iklima na gaya mata. Ta ce, "Baba, ba a mayar da ita." Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

Bayan salla na tambayi liman. Ya ce tunda lalura ce, shafa ake yi a kai kamar bandeji. Da na tambaya tun da safe. An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa na ɓata.

Asabar, 12 ga Oktoba

An manna ta biyu. Ita ce ta ƙarshe. A hannun hagu, don a kafaɗar dama nake ɗora buhun siminti.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ashe yarinyar ta haɗa salularta da tawa. Na sha shayi kofi uku wajen Buzayen da ke gadi, ban ko ajiye na ukun ba ta kira: "Baba, mi kuka sha?" Daga Damagaram take leƙa cikina. Na ji haushi ƙwarai. Mutum da furfurarsa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na yi allurar sugana da asuba, motar shantiye ta zo da wuri, ban karya ba. Wajen sha ɗaya ina hawa na uku, bulo a hannu, salula ta kama kuka a aljihuna. 64, kibiya ta kalli ƙasa, wai suga ya faɗi. Ni kuwa garau nake jin kaina. Na ce ƙarya take, bari in ƙarasa layin. Ta sake kuka. Mahamane ya ɗago daga ƙasa ya ce, "Idrisa, sauko, kar ka yi gardama da kaska."

Na sauko don in rufe masa baki. Ƙafata na taɓa ƙasa jiri ya kwashe ni, zufa ta karyo. Na ci dabino uku da ruwa don suga ya tashi. Abdulnasir yana tsaye yana kallo. Ya karɓi salular ya duba, ya duba saman da na baro, ya miƙo min. Ya ce in huta rabin awa in koma.

In koma, ya ce.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na yi wanka. Na shafa a kai.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Salula ta ce saura kwana biyu. Har yanzu abin yana damuna, ga ƙaiƙayi, ga Iklima da tambaya. Da yamma na bi ta farmasi, kantin magani, a cikin gari, hanya ce kawai ta biyo da ni. Na tambaya ko suna kawo irin kaskar. Sun ce sai Lahadi. Tawa za ta mutu Asabar.

Na gaya wa Abdulnasir ran Lahadi a ƙasa zan yi aiki, in kwaɓa siminti. Na ce masa bayana ne ke ciwo, ban ambaci kaska ba.