Rigar Baba da Rigar Onarabul

Madabo, Kano
Mayu, 1999

Zuwa ga ƙanwata Husaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aikin koyarwa, ya maigidan da yara? Mu nan lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba, kuma Turancinki nake nema.

Kin san ƙa'idar gidanmu: ba a fara sabon zanen aiki a rigar baƙo, sai an ɗinka wa babba a gidan ya sa albarka. To, zanen da na ƙirƙiro bara, a farar shaddar Baba na fara shi. Ba ya zuwa Juma'a sai da ita, har yana tsayar da mutane yana nuna musu allurar ɗansa.

Sai ga Onarabul ɗin da aka zaɓa ya ba ni aikin rigar rantsuwa, na yi masa wannan zanen. Ranar karɓa ya zo da yaransa, suka cika zauren, wasu gora a hannu. Ya tambaye ni da Turancin nan da duk suka koya tun da soja suka ce za su tafi, wai rigar one of a kind ce? Na dubi gorar nan, na ce e.

Yanzu hotonsa da rigar yana kan kalanda har Ƙofar Na'isa, da kalmomin a ƙasa. Kin tuna Shehu mai huluna na Sheshe? Ya sayar wa abokin hamayya hula irin ta Onarabul, yau ko cokali ba ya iya riƙewa da hannun dama.

Don Allah ki gaya min, maganar nan ɗaya ce da one in a million da kike yi wa ɗalibanki? In yabo ne kawai, na tsira. Wallahi tsoro nake ji, ko sallama aka yi sai gabana ya faɗi.

Naki yayanki,
Isyaku

Zuwa ga ƙanwata Husaina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarki ta iso, kin kuwa yi min bayani kamar ɗan aji ɗaya. Na gane. One in a million abu ne mai wuyar samu, amma ana iya samun wani. One of a kind kuwa ba shi da na biyu ko ɗaya. Da kin ɗan yi min ƙarya ma, Malama, da na samu na yi barci.

An sanar Onarabul zai yi Juma'ar godiya a masallacinmu, cikin rigar. Baba kuma kin san sahun farko yake zama. Na kasa ce masa komai. Matata Dije ta ce mu ce rigar Baba tana wajen wanki, amma Juma'a nawa za mu yi muna wanki?

Jiya da hantsi na shiga ɗakin Baba, na tarar da shi da rigar a cinya da reza a hannu. Ashe ya ga kalandar a shagon mai shayi, kuma labarin Shehu ya riga ni zuwa kunnensa. Da idon nan nasa da ba ya gani sosai yake farke aikin, zare bayan zare. Na durƙusa zan karɓa, ya ture hannuna, ya ce in adana hannun nan, shi ake nema.

Na tsaya ina kallo har ya gama wuyan. Bai yi faɗa ba, bai ɗago ya dube ni ba. Kuka na yi, Husaina, ban ji kunyar gaya miki ba.

Har yanzu tsoron bai sake ni ba, don rabin Madabo sun san rigar, kuma ban san bakin wa zai suɓuce ba. Amma dai maganar kalanda ta zama gaskiya. Baba ya ce gobe da rigarsa zai je masallaci, haka nan, da huhhujin allura a ƙirji.

Ki sa mu a addu'a. Dije tana gaishe ki.

Naki yayanki,
Isyaku