Kada Ka Sa Hannu

Zuwa ga Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka lafiya. Ya gajiyar jirgi, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Da hannu na rubuta, zan ɗauki hoto in turo maka, don in na ji muryarka a waya sai magana ta tsere mini.

Tun tafiyarka sito ya yi tsit. Matan da ke tsince mana riɗi kan zo su zauna a bakin ƙofa. Ba sa tambayar haƙƙinsu, gaisuwa kawai suke yi, kuma ta fi tambaya ciwo. Ummarka kuwa ta ce ni na zuga ka, wai a littattafaina ne ake tsallaka teku a dubi macuci ido cikin ido ya fashe da kuka.

Ka ce mutumin da ya karɓi kwantenar riɗinmu ya ƙi biya shi ya tarbe ka da kansa, har ya sauke ka a gidansa. Wannan bai kwanta mini ba. Na san halinka, wanda ka ci abincinsa ba ka iya ce masa a'a.

Taka har kullum,
'Yar Littafi

Maigidana,

Ina gaisuwa. Ya cikin naka da abincin mutane? Allah ya ƙara sauƙi.

Yau na je ofishin lauyarmu, can saman bene inda fanka ke ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Ta zaunar da ni ta warware mini hanyoyin. Da fari takardar gargaɗi. In mutumin ya yi kunnen uwar shegu, yarjejeniyarku ta ambaci masu sasanci, kuma hukuncinsu yana iya binsa har ƙasarsa. Akwai kotun garinsu, amma lauyoyin can sai su cinye riɗin har da buhu. Akwai kamfanonin karɓo bashi, su ma su yanki rabonsu. Ta yi zancen inshorar da ba mu yi ba, na sunkuyar da kai.

Da na ce mutumin ya yi maka tayin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a hannu, sai ta cire tabarau. Ta ce irin wannan tayi da takarda yake zuwa, mai cewa an biya an gama, kuma da ka sa hannu duk ƙofofin nan sun rufe. Kason ko manoman da suka ba mu riɗin bashi ba zai sallama ba, balle ya tsare mana sito.

Don Allah kada ka sa hannu, ko ya kira ka ɗan'uwa, ko matarsa ta haɗo mini tsaraba. Na yi ta kiran wayarka tana kashe. Littafina yana nan kife a kan firji, ban ma san ko masoyan cikinsa sun yi auren ba.

Matarka mai zullumi,
'Yar Littafi

Maigidana abin alfaharina,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Ina fata kana lafiya.

Takardar da ka turo ta iso. Lauya ta yi dariya har da hawaye da ta ji yadda ka kuɓuta: an miƙo maka biro a kan teburin cin abinci, kunya ta hana ka cewa a'a, sai ka ce a gidanku ba a sa hannu a komai sai matarka ta karanta, don ita ce mai karatu.

Na kuwa karanta tsaf. Ban taɓa ganin labari mara daɗi irinsa ba. Ba jarumi, ba soyayya, kuma mugun ne ke cin nasara a shafin ƙarshe.

Takardar gargaɗi ta tafi, lauya tana shirin kai mu gaban masu sasanci. Ta ce abin zai ja lokaci, kuma ba ta ɗaukar mana alkawari ba. Na faɗa wa matan sito gaskiya. Babbarsu ta ce za su jira, amma tukunya ba ta san jira ba. Tsoro bai sake ni ba har yanzu.

Umma na gaishe ka. Ka tattara kayanka ka baro gidan nan kafin a sake zuba maka abinci.

Mai karanta maka komai,
'Yar Littafi