Kaurin Sharaɓar Habibu

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya maigida da yara, ya zafin Sakkwato? Mu nan Daɗin Kowa da godiya, amma hankalina a tashe yake.

Kin tuna yadda muke yaba kaurin sharaɓar Habibuna, wai ɗan ƙwallo? Ashe ciwo ne. Yanzu in ya yi sujada sai ya dafa gwiwoyinsa kafin ya miƙe. Likita ya ce tsokarsa ce ke lalacewa, kuma ta wajen uwa ake gadon ciwon. Nan take na tuna ƙanenmu marigayi Sani, da aka yi ta yi wa hayaƙin aljanu.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Don Allah, Yaya, ki tsaya ki kalli yadda Umar ɗinki yake tashi daga sujada.

Ƙanwarki,
Hadiza