Sarkin Makulli

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau an yi wa Baba dariya a aji ina zaune. Har yanzu raina tafasa yake.

Farfesan da ke koya mana shugabanci ya raba mana labarin wani kamfani mu yi nazari. Haka suke yi a makarantar kasuwancin nan ta jami'a: a ɗauko wahalar wani a shimfiɗa a tebur, masu neman digiri na biyu su yi ta yanka. Wai "wani ƙaramin kamfanin kujeru", an ɓoye suna. Mai kamfanin ba ya ba kowa makullin siton katako, a wuya yake rataye shi da koren zare, in ya fita aiki ya tsaya. Ina kaiwa kan koren zaren nan na gane Baba ne. Wane ɓoye suna? Hotonsa kawai ya rage su manna.

Ma'aikacin bankin da ke zama a gaba, mai dariya kamar ana jan tebur a siminti, shi ya raɗa masa Sarkin Makulli, aji ya ɗauka. Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba. Abin haushin ma, kujerun da suka baje a kai suna ƙyaƙyatawa mu muka yi su. Na shafa ƙarƙashin tawa na ji tambarinmu.

Makullin yana cikin jakata, da zarensa.

Litinin, 6 ga Oktoba

Dogo, babban kafintanmu, ya tare ni a bakin sito. Tun ina firamare yake tare da Baba. Wai ƙarshen wata zai ajiye aiki, wani kamfani na nemansa. Na tambaye shi ko albashi ne, ya ce a'a. "Ranar Asabar zaman banza muka yi, 'yata. Tun hantsi katako ya ƙare, ke kina makaranta." Wai da furfurarsa ya gaji da zaman gadin ƙofa.

To ni na hana su ɗiban isasshe ranar Juma'a? In Dogo ya tafi rabin kafintocin za su bi shi, abin da Baba ya gina ya watse a hannuna. Ya san haka sarai.

Ranar da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da Baba, a hannuna ya sa zaren nan. Ba a hannun Dogo ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

An raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kawo shawarar da zai ba mai kamfanin. Sai ga ni da Mai Banki. Dama.

Shi maganinsa ɗaya ne, a sallami tsohon ya je ya huta. Wata yarinya daga kamfanin waya ta ce ai rashin yarda da ma'aikata ne, ta zana akwatuna da kibiyoyi a allo, ta sa Baba a akwatin sama shi kaɗai. Na ce kun taɓa ganin yadda katako ke yin ƙafa in an bar sito a buɗe? Mai Banki ya ce, "Ke 'yar'uwa, sai ka ce danginki ne."

Alhamis, 9 ga Oktoba

Mama ta ce in daina buga mata ƙofofi, ba su suka yi min laifi ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Bayan lacca na bi Farfesa ofis. Sanyin na'ura kamar zai kashe mutum, littattafai har rufi. Kujerarsa ma tamu ce.

Na ce wa ya ba shi izinin yin talla da mutuncin mutane? Ya ce mai kamfanin da kansa. Shekarun baya ya je yin odar kujerun aji, ya tarar da kafintoci zaune a inuwa, mai makulli ya tafi kai matarsa asibiti. Ya jira har azahar. Da suka haɗu ya nemi ya rubuta labarin, aka ce masa ya rubuta.

Na ce to mahaifina ne. Ya cire tabarau, ya ba ni haƙuri, ya ce zai sauya min aiki in ina so. Na ce ba na so. Har na kama ƙofa ya ce, "Yanzu wa ke riƙe da makullin?"

Jakata na ta kuka a hammatata, waya ce, na san Dogo ne. Na ce wannan ba ya cikin darasi, na fita.

Tambayar Farfesan nan rashin kunya ce tsantsa. Da murmushinsa kuma.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na samu Baba a baranda, Mama ta gama yanke masa farce. Na zayyana masa komai, har sunan da suka sa masa, ina jiran ya fusata mu fusata tare. Sai ya kama dariya da rabin bakin nan nasa har tari ya sarƙe shi. "Sarkin Makulli. Ashe na samu sarauta ban sani ba."

Na ce Baba zaginka fa suke yi. Ya ce mai tabaraun nan bai yi ƙarya ba, ya sha rana ranar.

Na ce ai na gaya musu saboda ɓarayi ne. Ya kalle ni. Wai tun da ya buɗe wurin ko guntun katako bai taɓa ɓata ba, Dogo kuwa ko gidan nan zai iya bar masa ya yi tafiya. Na ce to me ya sa? Ya daɗe yana murza hannun da ba ya motsi.

"Tun da hannun Dogo ya fi nawa, me ya rage min a wurin? In na ba da makulli, wa zai jira ni da safe?"

Mama ta tashi wai ta bar abu a wuta. Babu abin da ta ɗora.

Na ce amma ni ka ba. Ya ce, "Ke ce a gabana ranar, uwata. Na ce ki riƙe, ban ce ki rataya ba."

Haushi ya hana ni cin abinci. Sati guda ina faɗa da aji guda a kansa, ashe shi yana ɓangarensu. Kuma ni ba haka nake ba. Ni ina da digiri, ina da lissafin kamfani, ina da masu oda, aiki ya yi min yawa ma. Ba na buƙatar kowa ya jira ni.

Talata, 14 ga Oktoba

Na isa wurin aiki a makare saboda cunkoso. Kafintoci suna jere a bakin sito, suna ganina duk suka miƙe. Na lura na rage sauri kafin in ƙarasa. Takalmin ne, yana matsa min.

Dogo ya fara ware kayan aikinsa daga namu, zartonsa da gudumarsa a wani akwati daban. A gabana yake yi don in gani.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Mai Banki ya turo abin da za mu gabatar gobe. Shafin farko hoton ƙaton kwaɗon ƙofa da rawani a kai. Na goge hoton, na goge "a sallami tsohon". Ya kira yana ƙorafi, na ce in ya mayar zan tashi a gaban aji in tambaye shi sunan mai share ofishinsa. Bai mayar ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na biya ta wurin aiki kafin makaranta. Jakar nan ta cika da takardu, makullin yana ta yaga min rufin ciki, shi ya sa na ba Dogo ya riƙe min. Na yau kawai, na faɗa masa har sau biyu. Ya karɓa da hannu biyu, bai rataya ba, ya sa a aljihu. Ya ce, "A dawo lafiya, 'yata." Da zan fita na hango yana mayar da zartonsa kan ƙusar bango.

Mun gabatar. Da aka zo tambayoyi Farfesa ya ce me zai sa mai hankali ya riƙe makulli haka? Mai Banki ya ce son mulki. Na ce wataƙila tsoro yake kada a daina jiransa. Ba wanda ya yi dariya. Farfesa bai kalle ni ba, na gode masa da wannan, shi kaɗai.

Har yanzu ina ganin rashin mutunci ne a yi darasi da uban mutum.

Na ajiye wayar a kan tebur tun safe, fuskarta sama, don in sun rasa wani abu. Na duba a hutun rana, na duba da aka tashi, na duba a mota ko caji ne ya ƙare.

Ba wanda ya kira.