Baba a Bayan Masunta

Madarumfa, 3 ga Satumba, 1998

Yaya Al'amin,

Assalamu alaikum. Ina aiki, ina iyali? Mu lafiya lau, sai dai ruwan Agusta ya kada ɗakin Inna. Ba wanda ya ji rauni, amma akwatin hotuna ya kwana uku cikin laka, duk sun manne da juna. Inna ba ta damu da na bukukuwa ba. Na bakin tabki take nema, wanda marigayi Baba ya fito a bayan masunta. Ka san shi da gudun mai hoto, ba mu da wani sai wannan. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai bara ka kwafe su duka a kwamfutar bironku, can wurin aiki. Ka wanko mana shi babba.

Ƙanwarka,
Mardiyya

Yamai, 24 ga Satumba, 1998

Mardiyya,

Wa'alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Sati biyu ina jujjuya takardarki, kunya ta hana ni amsa.

Da na kwafe hotunan, nauyinsu ya yi yawa, faifan disket bai ɗaukar ko guda. Sai na sa kwamfuta ta rage girmansu gaba ɗaya, su tamanin a lokaci guda, har ina yi wa abokan aiki fariya. Biyu kawai na duba, na aure, masu manyan fuskoki, sun fito ras. Na goge kwafin farko masu nauyin, tunda na asali suna gida. Ban tuna ba cewa fuskar Baba ko a asalin ba ta kai ƙwayar wake ba.

Ga shi na wanko. Zanen kumatunsa ya ɓace, fuskar ta zama dishi-dishi. Kada ki nuna wa Inna, ki ce injin ne ya lalace.

Yayanki mai laifi,
Al'amin

Madarumfa, 9 ga Oktoba, 1998

Yaya,

Bayan gaisuwa, ni ban iya yi wa Inna ƙarya ba. Na yi kuka, na yi fushi da kai kwana biyu, sannan na miƙa mata. Ka san yadda yanar ido ta rufe mata gani. Ta kai hoton dab da hanci, ta ɗora yatsa ta ce, "Ga shi nan. Wa ke tsayuwa da kafaɗa guda sama in ba shi ba?" Na ce, fuskar fa, Inna? Ta ce, "Ke, shekara ukku ke nan haka nike ganin kowa, har ke."

Yana ƙarƙashin matashinta yanzu. Ni kuwa tun ranar nake ƙirga zanen Baba a raina, na kasa tunawa ko uku ne ko huɗu. Kai ka tuna?

Allah ya jiƙansa. Ka gaida Firdausi da yara.

Mardiyya