Kututture Biyu

Litinin, 6 ga Mayu
Ruwan tafki ya ja baya fiye da kowace shekara. Fadamar tsohon garinmu ta fito, wadda ruwa ya cinye da aka tare kogi a Kainji. Ɗana Auwalu na son shuka shinkafa a wurin. Ishaya, Bakambare maƙwabcinmu, ya ce gonar kakansa ce. Mai gari ya ce ni zan raba, tunda ni kaɗai na rage cikin mazan da suka taka ƙasar a bushe. Na ce iyakar tsamiya ce. Ni ba na mantuwa.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na je. Kututture biyu na tarar, ba ɗaya ba: ɗaya gabas, ɗaya yamma. Dukansu baƙi, dukansu tsamiya. Tsakaninsu fili mai kyau.

Juma'a, 10 ga Mayu
Auwalu na wasa adda a ƙofar gida, wai ciyawa. Wace ciyawa a taɓo? Ya ce, "Baba, ka ce ta gabas kawai, wa zai ƙaryata ka?" Ba kowa. Abin da ya dame ni ke nan.
Tun tasowata ban taɓa ɗaga wa mutum hannu ba, ban taɓa shaidar zur ba. Na ɗauka su biyun tafiyarsu ɗaya. Yanzu in na ce gabas, 'yan'uwan Ishaya su taso. In na ce yamma, nawa su taso. To mi ake so in ce?

Lahadi, 12 ga Mayu
Na rufe ido in ga tsamiyar. Na ga Inna tana shanya kifi a gindinta. Rana na bayanta ko gabanta? Oho.

Talata, 14 ga Mayu
An taru a fadamar, kowa da abin da ya ɓoye cikin riga. Sandata ma a gida na bar ta, kada a ce tsoho ya zo da makami. Sau biyu na zame. Ishaya ne ya tare ni, ya ce, "Sannu Baba, faɗi abin da ka sani."
Na zauna cikin taɓo tsakanin kututturan. Na ce, "Ban sani ba."
Wani ya ce tsoho ya ruɗe. Auwalu ya ce na kunyata shi. Na ce wanda zai yi sara, ga ni, ya fara ta nan. Suka yi ta zagina, ɓangare biyu, baki ɗaya. Ba a zare adda ba dai.

Laraba, 15 ga Mayu
Auwalu bai gaishe ni ba. Gaskiya na faɗa ko tsoro na ji? Allah masani.

Litinin, 27 ga Mayu
Mai gari ya raba tsakiyar biyu. Kowa na gunaguni, kowa na shuka. Auwalu ya aje mini kifi.
Ɗiyata Rahamatu ta tambaye ni sunan mai jirgin da ya kwashe mu shekarar da muka tashi daga tsohon gari. Na buɗe baki, sunan bai zo ba, sai na ce mata ta tambayi gwaggon Ishaya, wataƙila ita ta riƙe. Wannan rashin sanin bai yi ɗaci kamar na farko ba.