Igiyar Wardugu mai ƙulli arba'in da uku

Litinin, 4 ga Fabrairu 2019

Mako uku ke nan muna rarrafe a bakin rijiyar Sogoro, nakiya biyu kacal muka ciro. Na roba ne, na'urar gano nakiya sai ta ga dama take yin kuka a kansu. Taswira kuwa babu, waɗanda suka binne ba su bar ko layi ɗaya ba. Makiyaya sun sake zuwa yau suna tambaya yaushe za mu buɗe rijiyar. Ɗaya rijiyar ta soma janyewa, mutanenmu da mutanen gabas a kanta suke cunkushe, jiya har an zare wuƙa. In zafi ya shigo ba mu buɗe wannan ba, za a zubar da jini, na sani.

A nan nakiya ta kashe babana ina ɗan shekara tara. Ban faɗa wa kowa a cikin ma'aikatana ba.

Talata, 5 ga Fabrairu

Wani tsoho ya sauka a sansani da hantsi, a kan raƙumi duk ƙashi. Wardugu sunansa, mutumin gabas ne. Ya ce shi ya binne nakiyoyin, shi da wasu biyu da suka riga mu gidan gaskiya. Na ce a raina ga wani mai neman shinkafar banza. Sai ya ciro wata tsohuwar igiyar dabaibayi daga wuyansa, duk ƙulle-ƙulle. Wai kowace nakiya ƙulli ɗaya, arba'in da uku, kuma tazarar ƙulli da ƙulli ita ce yawan takun da ya yi.

Ya tambaye ni ɗan wa ne. Na ce Allaci ɗan Barkai. Ya daɗe yana kallona da idon nan nasa da ya soma fari. Sannan ya kwance wuƙar damtsensa ya ajiye a gabana, gaban kowa.

"Jinin Barkai a wuyana yake. Ni na binne nakiyar da ta kashe shi."

Haka ake yi, na sani. Wanda ya kashe yakan zo ya faɗa da bakinsa, don mutuwar ta sami mai ita. Amma bayan shekara talatin? Ban taɓa wuƙar ba. Togoi, mataimakina, shi ya ɗauke ta ya sa a akwatin kayan aiki.

Laraba, 6

Ba na cin kwano ɗaya da shi, ba na shan shayinsa. Jini na tsakani, kowa ya san dokar. Na ɗauki tuwona na koma bayan mota.

Juma'a, 8 ga Fabrairu

Na hau dutse na sami layin waya na kira Inna a Faya. Na zaci za ta yi kuka, ko ta ce in kore shi. Sai kawai ta tambayi sunan ubansa. Ta ce shekara talatin tana jin haushin rairayi, tunda ba ta da mutumin da za ta ji haushinsa, yau dai ta san akwai mutum. Wai in tabbatar ana ba shi bargo, tsoho ne. Inna ke nan. Ni haushi ma ta ba ni.

Lahadi, 10

Igiyar gaskiya take faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Yana zaune a bayan jajayen duwatsun da muka jera a bakin filin nakiya, don ban yarda ya tsallaka ba, yana shafa ƙulli yana cewa taku bakwai daga dutse mai tsagi, sai a karkata hannun dama. Mu auna, mu tona, sai ga ta. Shida yau. Kowace aka ciro sai ya kwance ƙulli ɗaya da haƙori.

Togoi har ya soma ce masa Baba. Ni dai tsoho nake cewa.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Da rana muna hutawa wani jirgi marar matuƙi ya wuce can sama, sai ƙugi kamar na kudan zuma. Tsohon ya tambaya wa ke ciki. Togoi ya ce babu kowa, mai tuƙin yana wata ƙasa a zaune a ɗaki, ƙila ma yana shan shayi. Ya ƙi yarda, sai da aka rantse masa.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ina bayan mota amma ina ji. Wai kakansa da mashi da wuƙar jifa ya yi yaƙi, kuma kafin ya kai hari sai ya kira sunansa da na ubansa, don wanda zai faɗi ya san hannun wa. Ba a taɓa rijiya, ba a sare dabino, don gobe za a sasanta a sha tare. Ubansa ya ga zuwan bindiga mai harbi ɗaya. Shi kuma a bayan mota ya yi nasa, da bindigar da ke tashin gida. Ya ce ran da aka miƙa masa akwatin nakiya murna ya yi, ga makami da zai yi gadi shi yana barci.

"Ban san ba ta jin labarin sulhu ba," in ji shi. "Mu muka koma gida, ita ta ci gaba da yaƙi."

Togoi ya ce to jirgin nan na sama fa, in ya yi kisa wa zai zo ya ajiye wuƙa? Na yi ta juya tambayar a raina. Idan kisa ba shi da mai shi, da wa za a yi sulhu?

Asabar, 16

Talatin da ɗaya. Gwiwoyina sun kumbura. Ya aiko Togoi da man raƙumi in shafa, na ce a mayar.

Na shafa daga baya. Na Togoi ne ai tunda shi ya riƙe.

Talata, 19 ga Fabrairu

Mun tsaya cak. Talatin da takwas a hannu, huɗu sun tashi tun da can, ramukansu na nan. Saura ɗaya, kuma ba ta inda igiya ta ce. Kwana biyu muna tono. Na fusata na ɗaga masa murya gaban mutane, na ce ko ƙaryar ce ta ƙare. Na ji kunya, tsoho ne ko ba komai.

Da la'asar ya kira ni, karo na farko da ya kira sunana. Ya ce an yi wani ruwa mai ƙarfi shekara biyu bayan yaƙi, kwarin nan ya kawo, in duba inda ruwa zai ajiye abu marar nauyi. Ya ce in bar shi ya shiga gaba, ƙafarsa ce ta fi cancanta. Na ce a aikina ba a biyan jini da ƙafa, ya zauna inda na ajiye shi.

Laraba, 20

Tana gindin ƙaya, taku goma sha biyu daga inda aka binne ta, daidai inda mata za su ajiye salka. Na ciro ta lafiya.

Asabar, 23 ga Fabrairu

Yau muka buɗe rijiyar. Kamar kullum mu muka fara taka filin a jere kafin kowa, shi ma ya shiga layin, ban hana ba. Raƙuman mutanenmu da na gabas sun sha a kwami ɗaya. An yi 'yar hayaniya kan wa zai fara, amma ta baki ce.

Kafin ya ɗaura sirdi ya zo ya same ni. Ƙulli uku na nakiyoyin da suka tashi da dabbobi ya kwance, ya ce masu dabbobin sun yafe tuni. Ya miƙo mini igiyar da ƙulli ɗaya.

"Wannan ba ni zan kwance ba, ɗana."

Na karɓa. Na ce wa Togoi ya ciro masa wuƙarsa, hanya da nisa, mutum ba ya tafiya haka.

Lahadi, 24

Bai tafi jiya ba, raƙumin ya ƙi tashi. Da safe shi ya dafa shayi, na sha kofi ɗaya. Sanyi ake yi, kuma Togoi bai iya shayi ba, iyakar abin ke nan.

Na ce wa Baba Wardugu in ya bi ta Faya ya tsaya gidanmu, Inna na son ganinsa. Ita ta ce, ba ni ba.

Ƙullin yana nan ban kwance ba. Na dai gwada shi da farce, ya yi tauri, shekara talatin ba wasa ba. Na ɗebo ruwan rijiyar a kofi na jiƙa shi, don kada igiyar ta tsinke.